Darasin kiɗa: a fara da kunne kafin a ja layi biyar

Duk wanda ya taɓa zama ajin yaƙi da jahilci ya san wani abu da ba sai an faɗa masa ba. Ranar da ya fara zuwa, da Hausarsa ya zo, cikakkiya, wadda yake ciniki da ita a kasuwa, yake kai ƙara da ita gaban hakimi, yake neman aure da ita. Abin da malami ya ƙara masa shi ne baƙi da wasali, watau dabarar ɗaure magana bisa takarda don kada iska ta tafi da ita. Tun farkon shekarun 1960 da aka soma wannan aiki a Nijar, a kan wannan tushe aka gina shi: a kama mutum ta harshen da ya riga ya iya, sa'an nan a nuna masa alamun rubuta shi.

Wannan hikima da ƙasa ta daɗe da ganewa wajen karatu, har yanzu ba ta shiga ajin kiɗa ba. Saurayi ko budurwa da suka fito Birnin Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela, suka samu shiga makarantar horon malamai ko wata babbar makaranta, in sun gamu da darasin farko na ilimin kiɗa, wanda ake kira solfeji da faransanci, ga yadda aka saba fara shi. Malami ya ja layi biyar a allo. Ya zana wata alama mai lanƙwasa a bakinsu, ya ce sunanta mabuɗin sol. Ya jera ƙwayoyi bisa layukan da tsakaninsu, ya ce do, re, mi, fa, sol, la, si. Sa'an nan ya ce farar ƙwaya marar sanda daidai take da farare biyu masu sanda, kowace mai sanda kuma daidai take da baƙaƙe biyu. Ɗalibai su kwafe, su hardace, ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa. Malamin ba shi da laifi, haka littattafan suka zo, tun daga na Danhauser da aka buga a Faransa a 1872, wanda har gobe ana aiki da shi a ƙasashe masu amfani da faransanci. An rubuta su ne domin yaron da kunnensa ya riga ya saba da waɗannan muryoyi bakwai tun daga gida. Ɗan Dogarawa kuwa da kalangun rundawa da gangar noma ya tashi. Sai ya fita aji da zaton cewa ilimin kiɗa kayan Turawa ne, abin da ake yi a garinsu kuma hayaniyar biki ce kawai.

Darasin nan ya cancanci a koyar da shi, da gaske kuwa. Illa iyaka an ɗauko shi a baibai. Kamata ya yi a fara da kunne da kayan kiɗan gida, layi biyar su biyo baya, kamar yadda baƙi ke biyo bayan magana.

Abin da tsarkiya ke koyarwa

In aka tuɓe wa ilimin nan rigar baƙunci, tambaya biyu ce tushensa. Ta farko: wannan sauti sama yake ko ƙasa, kuma da me ya ɗara ɗan'uwansa? Ta biyu: wane tsawon lokaci ya ci kafin na gaba ya shigo? Sauran duka rassa ne.

Tambayar farko, gurmi guda ya isa ya amsa ta. A kaɗa tsarkiya ɗaya a sake, a saurara. Sa'an nan a danne ta daidai tsakiyarta, a sake kaɗawa. Muryar da za ta fito ita ce dai ta farko, sai dai ta hau sama, kamar yadda yarinya ke bin mahaifinta waƙa: shi da kauri, ita da siranta, amma ba wanda ya saɓa wa wani. Wannan tazara ita Turawa ke kira oktab. Dalilinta kuwa lissafi ne, domin rabin tsarkiya yana karkarwa sau biyu cikin lokacin da cikakkiya ke yin ɗaya. In aka danne ta yadda kashi 2 cikin 3 ne ke kaɗawa, sai a samu wata murya mai daɗin haɗuwa da ta farko, wadda ke karkarwa sau 3 duk lokacin da ta farko ta yi 2. Ita ce tazarar da ke tsakanin do da sol. Kashi 3 cikin 4 kuma ya ba da tazarar do da fa. Mutanen Girka na dā sun san haka ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, suna kuma danganta gano shi ga Pitagor, wannan dai da ƴan kwaleji suka sani a darasin lissafi. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya rubuta babban littafi da larabci a kan kiɗa, inda ya auna wuraren da yatsa ke sauka a wuyan garayar Larabawa da ake kira udu. Mai gurmin da ke zuga ƴan kokowa a Tsarnawa bai karanta ko ɗayansu ba, amma yatsansa ya san wuraren nan. Ɗalibin da aka miƙa wa tsarkiya da abin awo, aka ce ya nemo su da kansa, ba zai manta ba har ya tsufa, kuma ya sha lissafin kaso a hanya ba tare da ya ji ɗacinsa ba.

Kakaki ma ya fi ban mamaki. Dogon bututu ne na ƙarfe, ba shi da huda ko ɗaya da za a toshe da yatsa, amma mabushi na fitar da murya biyu daga cikinsa, ta ƙasa da ta sama, da ƙarfin leɓe kawai. Tazarar da ke tsakaninsu kusan ita ce ta do da sol, 2 da 3 ɗin nan, don haka iska ke karkarwa cikin bututu ko a wace ƙasa aka ƙera shi. Da muryoyin nan kakaki ke kirari a ƙofar fada ranar hawan salla, jama'a kuma suna gane abin da yake faɗi. To, yaya aka yi ƙarfe ya yi magana?

Amsar tana cikin harshen da kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa ko dai tana sama, ko tana ƙasa, ko ta faɗo daga sama zuwa ƙasa. Rubutun yau da kullum ba ya nuna haka, amma baki yana nunawa. Kuka na hawaye da kuka ta miya baƙaƙensu ɗaya ne, a murya suka rabu. Haka nan wuya na jiki da wuya ta wahala. Watau Bahaushe tun yana goye ake horar da kunnensa ga rarrabe sama da ƙasa, nauyin da faransanci bai ɗora wa masu shi ba. Makaɗin kalangu yana matse tsarkiyoyi da hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau. Ya saki, ta sauka. Da haka yake kiran sunan mutum, ya yi masa takensa, har mai suna ya waiwayo daga tsakiyar kasuwa. Ga darasin farko nan a shirye. Malami ya rubuta jimla a allo, ɗalibai su sa alama bisa kowace gaɓa, wannan sama, wannan ƙasa, makaɗi ya kaɗa abin da suka rubuta, in bai fito da ma'ana ba su gyara. In an yi mako biyu ana haka, ranar da aka ja layi biyar ba wanda zai tambayi amfaninsu, domin kowa ya riga ya ji yana bukatar wurin ajiye hawa da saukar murya.

Akwai wata riba kuma. Malamin da ya san haka ba zai ƙara ɗaukar muryar waƙar Faransa ya cusa mata kalmomin Hausa da ƙarfin tsiya ba. Mawaƙan gargajiya, a mafi yawan lokaci, suna barin muryar waƙa ta bi karin kalma. In aka ƙi kula da wannan, sai a ji yara suna rera abin da baƙaƙensa Hausa ne amma kunne bai yarda ba, kukar miya ta koma ta hawaye.

Tambaya ta biyu, ta lokaci, nan ma gida ya riga makaranta. Gaɓar Hausa iri biyu ce, mai nauyi da sassauƙa, mai nauyi kuma tana cin lokacin sassauƙa biyu. A faɗi gida, a faɗi gona: gi ta wuce da sauri, go ta zauna. Abin da littafi ke nufi ke nan da baƙar ƙwaya da mai ƙugiya, ɗaya ninkin ɗaya. Malaman da suka karanta aruli, ilimin awon waƙa da Halilu ɗan Ahmadu ya tsara a Basra cikin ƙarni na 8, da wannan ma'auni suke aiki, kuma da shi aka auna rubutattun waƙoƙin zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u. Sai kuma lugude. Mata biyu a turmi guda, taɓare na sauka bi da bi, awo biyu ke nan; ta uku ta shigo, ya koma uku; ɗaya ta jefa taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe, ta cike gurbin da ke tsakanin bugu da bugu. Littafin solfeji sai ya yi nisa yake isowa ga ɗora awo uku bisa awo biyu, yana kuma ɗaukarsa abu mai wuya. Ƴan mata a dandali suna yinsa da tafi da ƙafa, ba su ma san an raɗa masa suna ba.

Layi biyar ɗin fa? Su ma a ba su haƙƙinsu, domin babbar dabara ce. Wani malamin coci ne a ƙasar Italiya, Gido na garin Arezo, cikin ƙarni na 11, ya gaji da ganin yara suna cinye shekara goma wajen hardar waƙoƙin ibada. Sai ya tsara rubuta muryoyi bisa layuka da tsakaninsu, ya kuma ciro sunayen ut, re, mi, fa, sol, la daga farkon layukan wata waƙar addininsu. Si daga baya ta shigo, ut kuma ta koma do a ƙarni na 17. Shi da kansa ya ce dabarar ta rage karatun shekara goma zuwa ɗaya ko biyu. Abin da ya kamata masu tsara manhajar karatu su duba shi ne inda Gido ya fara: da waƙar da yaransa za su riƙe a ka ya kafa sunayen muryoyin, kunne ya ja ido. Wanda ya fara wa ɗan Adar da allo ya saɓa wa mai dabarar tun a matakin farko.

Fiyano da goge

Akwai wata gaskiya da ta kamata ɗalibi ya ji tun shekarar farko, wadda ba a cika faɗi ba. Muryoyin fiyano sulhu ne aka yi. A wani taron ƙasashe a Landan a 1939 aka yarda cewa muryar la ta tsakiya ta riƙa karkarwa sau 440 cikin sakan guda. In aka bi lissafin tsarkiya, muryar da ke samanta da tazarar 2 da 3 sai ta zama 660. Fiyano 659 da ɗan ɗoriya yake bayarwa. Wata tazarar, ta 4 da 5, lissafi ya ce 550, fiyano ya ce 554. Masu ɗaure shi sun raba oktab gida 12 daidai wa daida, suka ɗan tauye wannan, suka ɗan ƙara wa wancan, domin mai kaɗawa ya iya ɗauko waƙa daga kowace murya ba sai ya sake ɗaurin wayoyi ba. Dabara ce mai kyau ga kiɗan da aka yi ta dominsa. Amma yawancin waƙoƙin ƙasar Hausa bisa tsani mai hawa biyar suke tafiya, goge kuwa ba shi da matakai a wuyansa, yatsa na zamewa bisa izga zuwa inda kunne ya kai shi. Saboda haka in mai goge bai faɗa daidai kan maɓallin fiyano ba, kada a yi saurin cewa ya kauce. Mudu biyu ne, kowane da kasuwarsa. Rubutun layi biyar zai iya ɗaukar waƙarsa, muddin mai rubutu ya san inda rubutun ya gaza, ya sa alama cewa nan murya ta ɗan hau, nan ta zame. Haka aka yi wa baƙaƙen boko da suka zo ba su da ƙ, ɓ, ɗ da ƴ: aka yi masu lanƙwasa, suka ɗauki Hausa.

Maganar nan ta wuce bangon aji. Yawancin sababbin waƙoƙin da matasan Ƙonni da Malbaza ke saurare a wayoyinsu, a ɗakin ɗaukar murya aka haɗa su, da fiyanon lantarki da kwamfuta, har akwai manhajar da ke jan muryar mawaƙi ta ɗora ta bisa mataki mafi kusa cikin 12 ɗin nan. Yaron da ya san abin da na'urar ke yi shi ke juya ta, ya sa ta bi waƙarsa. Wanda bai sani ba ita ke juya shi, sannu a hankali muryar Adar da ta Indiya da ta Legas su narke su koma abu guda.

Wani zai ce, ai yanzu kowa na da waya, a ɗauki murya a ajiye, ina ruwan wani da rubutu? Ɗaukar murya alheri ce babba. Tun farkon shekarun 1960 aka ɗauki makaɗan Nijar a faifai, cibiyar CELHTO da gidan rediyon ƙasa a Yamai kuma sun tara abin da ba shi da iyaka. Sai dai faifai maimaita abin da aka yi kawai ya iya, ba ya bayyana yadda aka ƙulla shi. Mai karatu ya san bambancin jin wasiƙa a bakin wani da karanta ta da idonsa: mai karantawa yana iya tsayawa, ya koma baya, ya gwada wannan layi da wancan. Haka wanda ya rubuta kiɗa yake iya ajiye taken noma na Ƙonni kusa da na Gobir ya ga inda suka haɗu da inda suka rabu, ya ga gurbin da ƴan amshi ke shigowa, ya kuma koya wa aji cike da yara a garin da makaɗin bai taɓa takawa ba.

Labarin biram ya isa misali. Malam Mamman Barka, ɗan Tasker, malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi da waƙa. A 2002, da taimakon UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne na ƙarshe cikin gwanayen biram, abin kiɗan Buduma mai tsarkiya biyar da siffar jirgin ruwa. Ya zauna ya koya, ya gaji biram ɗin, ya kai shi ƙasashen duniya, shi ma ya rasu a 2018. Mutum guda ne ya rage, aka kuma yi dace wanda ya je wurinsa ya san yadda ake koyo da tsari. Ba kowane kiɗa ke samun irin wannan dace ba. A ƙasar Hausa kiɗan sana'a tare yake tafiya da sana'ar: dundufar maƙera, gangar da ake yi wa gayya, kiɗan ƴan tauri, garayar mafarauta. Gayya ta ragu, daji ya ƙare, Adar kuwa kowa ya san ta da tafiya bida. Ɗan makaɗin da ya yi shekara biyar a Abijan ko Libiya, in ya komo ya tarar uban ya kwanta dama, kalangun na rataye, taken gidaje arba'in ya bi mai shi kabari.

Masu ja da baya

Mahukunta za su ce azuzuwan zana ba su ƙare ba, tebura ba su isa ba, littafin lissafi ma bai wadata ba, sai a zo masu da zancen kiɗa? Gaskiya ne, ba a musu. Amma hanyar da ake magana a kanta ta fi wadda aka saba araha. Fiyano daga waje ake sayo shi, yana kuma son lantarki. Gurmi ƙwarya ce da fata da sanda. Tafi kuwa kyauta ne. Bayan haka, lokacin waƙa yana nan cikin jadawalin makarantun firamare tun da daɗewa, ba sabon abu za a ƙirƙiro ba, malamin da zai cika shi da abin kirki ake nema. A duba taken ƙasa ma. Ranar 22 ga Yuni 2023 majalisar dokoki ta amince da sabon take, ya maye gurbin na 1961 wanda Faransawa suka tsara kalmominsa da kiɗansa. Yara ke rera shi gindin tuta. In malami bai iya karanta rubutun kiɗansa ba, daga waya zai ɗauka, yara su ɗauka daga bakinsa, kuskure ya haifi kuskure, har a wayi gari taken Bazaga daban, na Badagishiri daban.

Magana ta biyu ta fi nauyi, ba a kuma cika faɗinta a fili ba. Kiɗa a ƙasar Hausa gadon gida ne, an kuma haɗa shi da roƙo. Uban da ya sayar da albasa a Galmi ya kai ɗansa makaranta, ba ya son ya ji an ce an ga ɗan da kalangu a hammata. A gaya masa a hankali: sanin awon abu daban, shiga sana'arsa daban. Wanda ya koyi lissafin gini bai zama magini ba. Rainin ma da kansa bai tsaya da ƙafafunsa ba, tun da sarki ba ya cika sarki sai da tambari, ɗan kokowa ba ya shiga fili sai an zuga shi, tun ma kafin a fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975. Waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, waɗanda mutanen Ƙonni suka sha ji daga tsallaken iyaka, yau ana samun digiri a kansu a jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya rubuta littattafai a kan yadda ake nazarinsu. Sai dai nazarin ya fi karkata ga kalmomi, ga salo da zambo da habaici. Kotso da kalangun da suka ɗauki kalmomin, kaɗan ne suka iya rubuta abin da suke yi.

Game da addini, malamai sun daɗe da saɓani a kan kayan kiɗa, ba kuma shafin jarida ne zai raba wannan gardama ba. Abin da za a iya faɗi shi ne awon murya da lokaci yana amfanar har mai rera waƙar wa'azi da baki kawai. Ɗalibin da zuciyarsa ba ta kwanta da taɓa ganga ba, a bar shi ya yi darasin da murya da ƙirga, kada a tilasta masa.

Wasu ƙasashe sun bi hanyar nan tuntuni. A Gana, Ifraimu Amu, malami a makarantar horon malamai ta Akuropon, ya koma wurin makaɗan gargajiya ya zama ɗalibinsu, ya nemo yadda za a rubuta awon kiɗansu, ya buga waƙoƙi 25 cikin harshen Tuwi a 1932. A Hangari, Zoltan Kodai ya bi ƙauyuka yana tattara waƙoƙin manoma tun 1905, daga baya aka gina koyar da kiɗa a makarantun ƙasar bisa waƙoƙin da yara suka sha da nono. Nijar ma ba ta zauna ba. A ƙarshen shekarun 1980 aka kafa gasar Ɗan Gurmu, da sunan mawaƙin nan na Tawa, ba da jimawa ba kuma aka buɗe cibiyar horon makaɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai, inda aka tara kayan kiɗan ƙabilun ƙasar. Dakta Mahaman Garba ya rubuta kundin digirinsa a Faransa a kan kiɗan Hausawan Nijar. Amma cibiya guda a babban birni mawaƙa take fitarwa. Wanda ke isa Tajaye da Alela da rugagen da ke bayansu shi ne malamin firamare, shi ne kuma ya fi kowa bukatar darasin.

Sauran aiki na kalmomi ne. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, saboda haka ba dalilin da zai hana a yi darasin nan da ita. Kalmomi da yawa suna nan a bakin masu sana'a: take, kirari, zuga, jagora, amshi, karɓi, gindin waƙa, ɗiyan waƙa, kari, ɗauri. A 1971 wasu masana biyu, Ames da King, sun cika littafi guda da kalmomin kiɗan da suka tattaro a ƙasashen Zazzau da Katsina. Waɗanda za a nema su ne sunayen oktab, da tsanin muryoyi, da mabuɗi, da gidan awo. Wannan aikin INDRAP ne da masana harshe, da sharaɗin a zaunar da makaɗa cikin kwamitin, a fara tambayarsu yadda suke cewa kafin a ƙera sabuwa. An sha ganin kalmomin da aka haifa a biro suka mutu a biro, ba su taɓa jin ƙamshin kasuwa ba.

Makarantar horon malamai ta Kaosan a Tawa, tare da masu duba makarantu na Ƙonni da Malbaza da Illela, suna iya gwada abin ba tare da jiran wani babban shiri ba. A nemo mai kalangu da mai gurmi da zabiya daga cikin jaha, a ɗauke su masu koyarwa, a biya su da awa bisa takarda kamar kowane malami, domin in aka sallame su da kyautar biki an komar da su matsayin da ake son fitar da su. Wata uku na farko a yi kunne da tafi da tsarkiya, sa'an nan a shigo da layi biyar, har da waƙoƙin wasu ƙasashe, don ɗalibi ya iya karanta abin da duniya ta rubuta. Lokacin hutu kowane ɗalibi ya komo da waƙa uku daga garinsu, ta daka, ta dandali, ta sana'a, a rubuce kuma a ɗauke, da sunan wanda ya rera, da garin, da ranar, da yardarsa. Jarrabawar ƙarshen shekara kuwa ga yadda za a yi ta: makaɗi ya kaɗa take sau uku, ɗalibi ya rubuta, a kira wani ɗalibin da ba ya cikin ɗaki a miƙa masa takardar ya rera ko ya tafa abin da ya gani. In makaɗin ya ce lalle takensa ne, su biyun sun ci.